KIMIYYA A ZANGO: Ina Mutum Yake Tafiya In Likita Ya Sa Shi Barci?

 

Akwai wata kalma da ta shigo zangunanmu ba sallama, watau kwantum. Kalma ce mai daraja a wurin gwamnati, domin ƙasarmu Gana ce ta kai ƙuduri gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Mayun 2024, aka amince da shi ran 7 ga Yuni, aka keɓe 2025 ta zama shekarar ilmin kwantum a duniya, don cikarsa shekara 100. Kuma ba baƙon ilmi ba ne a ƙasar nan, tun da marigayi Farfesa Francis Allotey, ɗan Saltpond, wanda ya rasu a 2017, a wannan fage ya yi suna. To amma mu a Nima da Aboabo ba ta wannan ƙofa ta iso mana ba. Mun fi jin ta a bakin masu tallar magani cikin mota da masu sayar da abin wuya, sai kuma samarinmu 'yan jami'a da kan dawo hutu suna cewa wai Turawa sun gano inda ruhi yake zaune a cikin ƙwaƙwalwa, kuma kwantum ne ya nuna musu. Wannan magana ta samarin ita za mu bi diddiginta a yau, saboda tana da tushe, ko da yake kafin ta iso nan an cuɗa ta an ƙara mata gishiri.

Bari mu fara da gyara suna. Abin da masanan suke jayayya a kansa shi ne wanda Bahaushe yake kira hayyaci, kuma hayyaci daban yake da hankali. Jariri ba shi da hankali tukuna, haka ma mahaukacin da yake kwana a tasha, amma duk su biyun suna jin yunwa, suna jin zafin wuta, akwai wani a ciki wanda abin yake samu. Wannan ji, wannan kasancewa a farke kana sane da ɗacin goro a bakinka, shi ne hayyaci.

Wurin da ya fi kowane nuna mana girman wannan al'amari shi ne ɗakin tiyata. Duk wanda aka taɓa yi wa aiki a asibiti zai gaya maka abu ɗaya: likita ya ce masa ya fara ƙirga, bai kai goma ba, sai ya buɗe ido ya ga an gama, alhali kuwa awa uku ta wuce. Mai barcin dare in ya tashi ya san ya daɗe a kwance, sau da yawa ma da mafarkinsa. Shi wannan babu ko ɗaya, an dai yanke wani yanki na ransa an haɗe bakin. Zuciya tana bugawa, ƙwaƙwalwa ba ta mutu ba, wutar cikinta tana ta kai da kawo, amma mai gida ba ya nan. Tun ran 16 ga Oktoba 1846, lokacin da wani likitan haƙori mai suna William Morton ya shaƙa wa majinyaci iskar ita a gaban jama'a a birnin Boston na Amurka, ake wannan aiki, kuma har yau ba a gama daidaitawa a kan yadda maganin yake ɗauke hayyaci ba. Akasarin masana suna cewa yana toshe ko yana buɗe wasu ƙananan ƙofofi ne a jikin ƙwayoyin jijiya, waɗanda suka kai miliyan dubu 86 a kan kowane ɗayanmu, har sassan ƙwaƙwalwa su daina jin juna. Bayani ne mai ƙarfi, kuma da shi likitoci suke aiki kullum.

Wani likitan sa barci a Jami'ar Arizona ta Amurka, Stuart Hameroff, bai gamsu da wannan ba. Tun yana ɗalibi hankalinsa yake kan wasu siraran bututu da suke cikin ƙwayoyin jiki, ana kiran su maikurotubul. Sirantarsu ta kai sai ka jera kamar 3,000 gefe da gefe kafin su yi kaurin gashin kai guda. An gina su da wani sinadari mai suna tubulin, sunan da ya yi kama da tubali, kuma aikinsa ke nan, ɗaya bisa ɗaya har a ta da gini. Sauran masana suna ɗaukarsu a matsayin azarar ƙwaya da hanyar jigilar kaya a cikinta. Hameroff ya ce aikinsu ya wuce haka. Ya kawo misalin wani ƙwaron ruwa mai ƙwaya ɗaya tak, ba shi da jijiya ko guda, amma yana iyo, yana kauce wa cikas, yana neman abinci. Da me yake wannan dabara? A ganinsa da bututun nan ne, kuma a kansu maganin barci yake sauka. Abin da ya rasa shi ne yadda bututu zai haifi ji.

A nan ne kwantum ya shigo, don haka sai mu ɗan dakata a kansa. Asalin kalmar Latin ce, ma'anarta kuwa "nawa", irin tambayar da muke yi a kasuwa. A 1900 wani Bajamushe, Max Planck, ya gano cewa zafi da haske ba sa fita kamar garin suga da ake aunawa yadda aka ga dama, sai dai ƙwaya-ƙwaya kamar sugan kwali, ko ɗaya ko biyu, babu ɗaya da rabi. A 1925 da 1926 Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger suka shimfiɗa lissafin abin. Sai ga shi lissafin yana faɗin abin da kai ba ya ɗauka, watau ƙananan abubuwa irin su zarra da abin da yake cikinta suna iya zama cikin hali biyu a lokaci guda, nan da can, har sai an auna su, sannan su tsaya a kan ɗaya. Akan kwatanta da kwabon da aka murza a kan tebur, wanda ba ka iya cewa kai ne ko wutsiya sai ya faɗi. Kwatancin gurgu ne, domin shi kwabo a kowane ƙiftawa yana fuskantar wani gefe, idonmu ne bai kai ba, ita kuwa zarrar, a yadda lissafin ya nuna, ba ta da gefen da take kai tukuna. Kada mai karatu ya ɗauka tatsuniya ce. Wayar da take aljihunka da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta asibiti duk a kan wannan lissafi aka ƙera su, kuma bai taɓa ba da kunya a gwaji ba.

Sai dai akwai gurbin da aka bari. Me yake sa kwabon ya faɗi? Lissafin bai faɗa ba. Wani babban masani, Eugene Wigner, ya ce a 1961 wataƙila hayyacin mai kallo ne yake kayar da shi, daga baya kuma ya janye. Wanda ya juya maganar ta koma ɗaya gefen shi ne Roger Penrose na Jami'ar Oksfod a Ingila, gwanin lissafi na gaske, wanda ya sami lambar Nobel a 2020. (A lura, an ba shi ita ne saboda aikinsa kan baƙaƙen ramukan sararin samaniya. Masu cewa an ba shi don ya gano ruhi ba su karanta takardar ba.) A littafinsa na 1989, The Emperor's New Mind, ya fara da wata hujja da Kurt Gödel ya kafa a 1931, cewa duk tsarin ƙa'idojin lissafi da ka shimfiɗa, in dai ba ya karo da kansa, akwai maganganun gaskiya da ƙa'idojin ba za su iya tabbatarwa ba. Penrose ya ce ga shi kuwa ɗan Adam yana duban irin wannan magana ya gane gaskiya ce. Kwamfuta bin ƙa'ida kawai ta sani. Ashe ke nan fahimta ba aikin kwamfuta ba ce, kuma lalle akwai wani abu a ƙwaƙwalwa da ba ya tafiya bisa ƙa'ida irin ta inji. Ya duba ilmin fiziks kaf, bai ga inda irin wannan abu zai ɓuya ba sai a gurbin nan na faɗuwar kwabo.

Ga abin da ya kawo. Ya ce kwabon da kansa yake faɗuwa, ba sai an kalle shi ba, kuma abin da yake kayar da shi shi ne ƙarfin janyowa, wanda yake sa mangwaro ya faɗo ƙasa. Abu in ƙarami ne ƙwarai zai daɗe cikin hali biyu, in ya yi nauyi nan da nan zai zaɓi ɗaya. Kowace irin wannan faɗuwa, in ji shi, ɗigo ce ta hayyaci. Hameroff ya karanta littafin, ya nemi Penrose, ya ce masa kai kana da dawa ba ka da turmi, ni kuwa ga turmi ba dawa (kalmomin nawa ne, ma'anar tasu ce). A 1996 suka fitar da ra'ayinsu na haɗin gwiwa, cewa tubulin masu ɗimbin yawa a bututun ƙwaƙwalwa suna shiga hali biyu tare, su faɗi tare, kamar sau 40 a sakan guda, kuma jerin waɗannan faɗuwa shi ne zamanmu a farke. Maganin barci kuwa yana hana su shiga wannan hali ne.

Magana ta yi daɗin ji. To sai aka zo awo.

Masana ilmin mantiƙi irin su Hilary Putnam da Solomon Feferman suka ce tun a matakin farko an yi tuntuɓe, domin hujjar Gödel ba ta kai inda Penrose ya ja ta ba. Amma dukan da ya fi zafi daga Max Tegmark ya fito, ɗan asalin Suwidin, a shekarar 2000. Halin nan na biyu abu ne mai tsananin kunya, ko ƙwayar iska ce ta goge shi sai ya watse. Shi ya sa masu ƙera kwamfutar kwantum da yawa suke sanya ta cikin sanyin da ya kai digiri 273 ƙasa da sifiri, sanyin da ya fi na sararin samaniya, su killace ta daga kowane motsi. Ƙwaƙwalwa kuwa digiri 37 take, a jiƙe, ga gishiri, ga hayaniya kamar kasuwar Kejetiya ana gobe salla. Tegmark ya lissafa ya ce a irin wannan wuri halin ba zai wuce kashi ɗaya cikin tiriliyan 10 na sakan ba, alhali jijiya tana bukatar kamar kashi ɗaya cikin 1,000 na sakan kafin ta aika saƙo guda. Don mu gane tazarar, in da za a miƙe halin kwantum ɗin ya zama sakan ɗaya, to saƙon jijiya guda zai ci sama da shekara 300. Hameroff da abokansa suka mai da martani a 2002, suka ce Tegmark ya auna abin da ba shi suke nufi ba, suka sake lissafi, adadin ya ƙaru ƙwarai da gaske. Duk da haka bai kai abin da ra'ayin nasu yake bukata ba.

Daga baya wani abu ya ɗan sanyaya musu rai. An sami alamun cewa halitta tana amfani da kwantum a jikin mai rai, cikin ɗumi da laima. A 2021 masana daga Oksfod da Oldenbag ta Jamus suka nuna cewa wani sinadari da yake cikin idon ɗan tsuntsun nan robin, mai ƙaura a Turai, yana jin maganaɗisun ƙasa ta hanyar da sai da lissafin kwantum ake bayaninta, kuma ana kyautata zaton da shi yake gane gabas da yamma cikin dare. Sai dai an taɓa irin wannan murna a 2007 a kan yadda tsiro yake kama hasken rana, daga baya da aka ƙara bincike masana da yawa suka ce an yi gaggawa. Kuma ko na tsuntsun, abin ƙiftawa ne a cikin sinadari guda, ina shi ina miliyoyin tubulin suna rawa tare?

Gwaje-gwaje uku sun cancanci mu sani. Na farko a ƙarƙashin dutsen Gran Sasso na Italiya aka yi shi, inda akwai ɗakin bincike da dutse mai kaurin mita 1,400 ya rufe. Wani masani ɗan Hangari, Lajos Diósi, yana da ra'ayi mai kama da na Penrose, kuma bisa lissafinsa, in ƙarfin janyowa ne yake kayar da kwabon, dole abubuwa su riƙa fitar da wani ɗan haske mai rauni irin na hoton ƙashi. Aka kafa na'ura, aka yi wata biyu ana saurare, ba a ga abin da ya kai yadda ake zato ba. An bayyana sakamakon a 2020, a 2022 kuma masu binciken suka ce in a kan wannan siga mafi sauƙi aka ɗora ra'ayin Penrose da Hameroff, to da wuya ya tsaya. Magoya bayan ra'ayin suka ce sigar Penrose ba ta yi alkawarin wani haske ba. An rufe ƙofa ɗaya ke nan, saura taga.

Sauran biyun a kan ɓeraye aka yi, kuma su ne suka koma ɗakin tiyata. Akwai wata iska mai sa barci, zinon, wadda take da iri-iri, kamar 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya, halinsu a wajen haɗuwa da sinadarai ɗaya ne. Sai dai biyu daga cikinsu, mai lamba 129 da mai lamba 131, suna da wata siffa ta kwantum a cibiyarsu da ake kira juyi, wadda masu lamba 132 da 134 ba su da ita. A 2018 likitoci a birnin Wuhan na ƙasar Sin suka ba da rahoton cewa masu juyin sun fi rauni wajen sa ɓera barci. Ni a ganina wannan shi ne abu mafi ban mamaki a duk tarihin nan, domin bayanin ƙofofin jijiya bai tanadi wannan bambanci ba. Amma gwaji ɗaya shaida ɗaya ne, kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai shaidu sun yi yawa. A 2024 kuma, a Kwalejin Wellesley ta Amurka, Mike Wiest da ɗalibansa suka ba ɓeraye wani magani mai ƙarfafa bututun nan, sannan suka shaƙa musu iskar barci. Sai ɓerayen suka ƙara sakan 69 a matsakaici kafin su fita hayyacinsu. Wannan ya nuna Hameroff yana da gaskiya cewa bututun suna da hannu a lamarin. Bai nuna kwantum ba ko kaɗan, tun da azara ma in ta motsa ɗaki yakan girgiza.

To ina muka tsaya? Ra'ayi ne na 'yan tsiraru, mafi yawan masanan ƙwaƙwalwa ba su karɓe shi ba, ko da yake ina girmama shi don abu ɗaya, ya yarda a auna shi a ƙaryata shi. Inda nake da ja shi ne tushen tunanin. Hayyaci abu ne da ya gagari fahimta, faɗuwar kwabon kwantum ma ta gagara, sai aka ce to lalle su biyun dangi ne. Mu mutanen zango mun san wannan irin hukunci, an yi sata a gari, ga baƙo ya sauka jiya, shi ke nan an sami ɓarawo. Kuma a ce ma gobe an tabbatar da duk abin da suka faɗa, an ga tubulin suna faɗuwa sau 40 a sakan, tambayar tana nan daram: me ya sa wannan faɗuwa za ta zo da ɗacin goro, ko da kewar mahaifiya? Wani masanin falsafa ɗan Ostireliya, David Chalmers, shi ya fito da wannan tambaya fili a wani taro a Tucson ta Arizona a 1994, taron da Hameroff ɗin yake cikin masu shirya shi. A 1998 masanin ƙwaƙwalwa Christof Koch ya yi caca da shi cewa cikin shekara 25 za a gano takamaiman alamar hayyaci a ƙwaƙwalwa. A watan Yunin 2023, a birnin Niyok, Koch ya amsa an kada shi, ya biya da akwatin giya, abin shansu can.

Saboda haka ina roƙon samarinmu, da ma wasu masu wa'azi da suka fara ɗauko wannan zance, su yi hattara. Gaskiya ne Hameroff ya yi hasashen cewa wataƙila wani abu na kwantum yana saura bayan mutuwa, amma hasashe ne nasa, babu gwajin da ya taɓa shi, shi kuwa Penrose ya faɗa da bakinsa cewa ba ya bin wani addini. Zancen ruhi malamanmu sun karantar da mu matsayinsa a Suratul Isra'i, aya ta 85, kowa ya koma ya duba. Wanda ya ce kimiyya ta tabbatar da ruhi ta hanyar bututun ƙwaƙwalwa, me zai ce wa almajiransa ranar da wata na'ura a ƙarƙashin dutsen Italiya ta rufe tagar da ta saura?

Saura 'yan kasuwa. Duk abin da muka zayyana a sama, da Penrose da masu sukarsa, babu ɗayansu da ya ce ana iya ɗura kwantum a dutse a rataya a wuya, ko a zuba shi a ruwan sha, ko ya buɗe wa yaro kai ya ci jarrabawa. A watan Disambar 2021 hukumar kula da nukiliya ta ƙasar Holan ta sanar cewa ta sa an gwada wasu kayayyaki guda 10 da ake sayarwa da sunan kariya, cikinsu har da abin wuya mai ɗauke da sunan kwantum da wani abin hannu na yara, ta tarar suna fitar da tururin nukiliya, ta hana sayar da su, ta ce wanda yake da su ya daina sawa ya ajiye nesa da jiki. Watau abin da aka saya don lafiya shi ne yake iya ƙona fata sannu a hankali.

Haka nan na'urar nan da ake gani a wasu shagunan magani, wadda za a ba ka ɗan ƙarfe ka riƙe, cikin minti ɗaya kwamfuta ta zubo takarda mai launi ta ce hantarka kaza, ƙodarka kaza, jininka ya yi kauri. Ka lura, kafin ka riƙe ƙarfen sai an tambaye ka shekarunka da tsawonka da nauyinka, an shigar. In kana son ka san me take aunawa, ka je da safe, ka koma da yamma ka ba da wani suna da wasu shekaru, sannan ka jera takardun biyu. Asarar sidin da aka biya mai sauƙi ce. Abin tsoro shi ne dattijo mai hawan jini ko ciwon suga da zai ajiye ƙwayoyinsa na asibiti don takarda ta ce ya warke, ko kuma mai lafiya da za a ce ƙodarsa ta lalace, a sayar masa da kwalabe shida. Awon ƙoda da na hanta da jini ake yinsu a ɗakin gwaji, awon hawan jini kuwa kowane ƙaramin asibitin unguwa yana yi cikin minti biyu.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba mafarki, da abin da na'urori suke gani a kan mai barci lokacin da idanunsa suke motsi a rufe.